Ruwan Nano Tsakanin Alƙalami da Ma'auni

A shekarar 2001, masu bincike a cibiyar Argonne da ke kusa da birnin Shikago na Amurka suka fitar da wani sakamako da ya sa injiniyoyi da yawa gyara zama. Sun ɗauki etilin gilaikol, sinadarin nan da ake haɗawa da ruwan lagireton mota, suka zuba masa ƙurar jan ƙarfe wadda kowace ƙwayarta ba ta kai nanomita 10 ba. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, silin gashin kai kuwa faɗinsa yakan kama daga nanomita 50,000 zuwa 100,000. Ƙurar da suka zuba ba ta wuce kashi 0.3 cikin 100 na cikar mazubin ba, amma da suka auna sai suka ce ƙarfin ruwan wajen miƙa zafi ya ƙaru da kashi 40 cikin 100. Tsohuwar ƙa'idar lissafi da kowa ya dogara da ita ta ce ƙarin bai kamata ya kai ko kashi 1 ba. A wannan shekarar dai, wasu daga cikin mutanen nan suka zuba siraran bututun kabon a cikin mai, suka ce ƙarfinsa ya ninka har ya wuce.

Daga nan aka shiga muhawarar da har yau ba a gama kwashe kayanta ba: ko dai ƙa'idar ta tsufa, ko kuma akwai gyara a awon.

Dalilin ɗokin ba ɓoyayye ba ne. Duk injin da ke aiki yana haifar da zafi, kuma dole a kwashe zafin nan kafin ya yi ɓarna, daga injin babbar mota zuwa taransifoma, daga ƙwaƙwalwar kwamfuta zuwa tukunyar tashar nukiliya. Ruwa da mai su ne masu dakon zafin, sai dai ba su iya miƙa shi da sauri ba. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, wato wat a kowace mita a kowane digiri, ruwa yana da kusan 0.6, etilin gilaikol 0.25, man inji kuwa bai kai 0.15 sosai ba. Jan ƙarfe yana da kusan 400. Alumina, farin garin da ake narkawa a fitar da alminiyam, yana da wajen 40. Kowa ya dubi waɗannan alƙaluman zai yi tunanin abu ɗaya: a barbaɗa garin ƙarfe a cikin ruwan mana. An daɗe da gwada hakan, kuma ba a ji daɗi ba. Garin yakan kwanta, ya toshe ƙananan hanyoyi, ya cinye jikin famfo da bututu.

Lissafi ne ya nuna inda mafita take. Dokar George Stokes ta nuna cewa saurin nutsewar ƙwaya a cikin ruwa yana bin faɗinta ne sau faɗinta. Ƙwayar alumina mai faɗin maikiron ɗaya, wato nanomita 1,000, tana nutsewa kusan santimita 14 a rana. Idan aka rage faɗin zuwa nanomita 10, saurin zai ragu sau 10,000, ya koma kamar rabin santimita a shekara, kuma kaɗawar da ƙwayoyin ruwa ke yi mata ta isa ta hana ta kwanciya. Masuda da abokan aikinsa a Japan sun gwada irin wannan ƙura a 1993. Stephen Choi na Argonne ne ya raɗa wa haɗin suna a 1995, sunan da a nan za a kira ruwan nano.

Ƙa'idar da sakamakon 2001 ya ƙalubalanta ta James Clerk Maxwell ce, daga littafinsa na 1873 a kan lantarki da maganaɗisu. Maxwell yana magana ne a kan yadda lantarki ke ratsa abin da aka cakuɗa da ƙananan dunƙulallun ƙwayoyi, amma da yake dokar Fourier ta tafiyar zafi da dokar tafiyar lantarki sifarsu ɗaya a lissafi, amsar ta hau kan zafi daidai. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, idan ƙwayoyin ba su da yawa kuma sun fi ruwan iya miƙa zafi nesa ba kusa ba, to ƙarin da za a samu ninki uku ne na kason ƙurar. Kashi 1 na ƙura ya ba da kashi 3, kashi 4 ya ba da kusan kashi 12. Akwai wani abu a cikin ƙa'idar da ba kowa ke lura da shi ba. Jan ƙarfe ya ninka alumina sau goma wajen miƙa zafi, amma a kashi 4 cikin ruwa bambancin da ke tsakaninsu kusan rabin ɗigo ne kawai cikin 100. Dalili shi ne zafin yana ratsa ƙwaya a guje, sai ya fito ya tarar da ruwa, kuma ruwan ne ke cinye lokacin tafiyar. A 1962 Hamilton da Crosser suka faɗaɗa ƙa'idar ta yadda za ta kula da sifar ƙwaya, domin doguwar ƙwaya tana yi wa zafi gada fiye da dunƙulalliya.

Da awo ya ce 40 ƙa'ida ta ce ƙasa da 1, sai kasuwar bayani ta buɗe. A 2002 Keblinski da Phillpot da Choi da Eastman suka jera dalilai huɗu da za su iya haifar da wannan rata: rawar da ƙwayoyin ke yi ba tsayawa, jeruwar ƙwayoyin ruwa a jikin ƙura kamar wani siririn ɓawo, yadda zafi ke tafiya a cikin ƙwayar da ta yi ƙanƙanta ƙwarai, da kuma curewar ƙurar wuri guda. Kowane dalili ya haifi nasa samfurin lissafi, wasu da lambobin da ake murɗawa har sai layin ya bi ta kan alƙaluman gwaji. Matsalar irin wannan samfuri ita ce yana dacewa da gwajin da aka gina shi a kai, ya kasa faɗin abin da gwaji na gaba zai bayar.

Jacopo Buongiorno na jami'ar MIT ya jagoranci aikin da ya kawo natsuwa. Aka haɗa ruwan nano iri ɗaya aka rarraba wa cibiyoyi 34 a ƙasashe daban-daban, kowa ya auna da na'urarsa. Sakamakon ya fito a 2009. Yawancin awon sun faɗa cikin tazarar kashi 10 sama ko ƙasa da matsakaici, kuma sun dace da ƙa'idar Maxwell kamar yadda Nan da abokan aikinsa suka gyara ta a 1997. A cikin samfuran da aka gwada, ba a ga wani ƙari na ban mamaki ba. Wannan bai nuna cewa duk wanda ya auna abu mai yawa a baya ya yi kuskure ba, domin curewar ƙura a jere tana iya ɗaga lambar da gaske. Ya dai nuna cewa ƙa'idar da ta haura shekara 130 tana nan da ƙarfinta, kuma wanda ya ce ta faɗi shi ne da kawo hujja.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. Ruwan sanyaya inji ba a zaune yake ba, gudu yake yi, kuma duk abin da aka zuba masa yana sauya gudun. Ƙura tana ƙara wa ruwa kauri. Albert Einstein ya lissafa wannan a 1906, ya gyara lambar a 1911: kowane kashi 1 na dunƙulallun ƙwayoyi yana ƙara kauri da kashi 2.5. Brinkman ya faɗaɗa ƙa'idar a 1952. A nan ne ruwan nano ya saɓa wa tsohon lissafi da gaske, amma ta ɓangaren da ba a so, domin kaurin da ake aunawa sau da yawa yakan ninka na Einstein. Ƙwayoyin suna manne wa juna, curin ya kulle ruwa a cikinsa, ya zama kamar ƙwaya ɗaya babba. Ga kuma nauyi: kashi 4 na alumina a ma'aunin cika ya kai kusan kashi 14 a ma'aunin nauyi. Ruwa mai kauri yana neman famfo mai ƙarfi, famfo mai ƙarfi yana shan wuta. A 2006 Ravi Prasher da abokan aikinsa suka fitar da wata iyaka mai sauƙin riƙewa: idan ruwa yana gudu a natse cikin bututu, kuma ƙarin kauri ya wuce ninki huɗu na ƙarin miƙa zafi, to kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Mai son siffanta wannan gudu da lissafi yana farawa ne da dokoki uku. Ta farko ta ce ruwan da ya shiga wuri sai ya fita ko ya taru. Ta biyu ita ce dokar Navier da Stokes, wadda ke haɗa gudun ruwa da matsi da kauri da nauyi. Ta uku ta ce zafi ba ya ɓacewa, sai dai ruwa ya tafi da shi ko ya ratsa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi. Daga nan masana suka rabu gida biyu. Gidan farko yana ɗaukar ruwa da ƙura a matsayin abu ɗaya da ya gauraya sarai, sai kawai a cire lambobin ruwa a sa na haɗin, Maxwell ya ba da miƙa zafi, Brinkman ya ba da kauri. Wannan ita ce hanyar da Khanafer da Vafai da Lightstone suka bi a 2003, kuma aka fi saninta da sunan Tiwari da Das bayan aikinsu na 2007. Gida na biyu na Buongiorno ne. A 2006 ya ɗauki hanyoyi bakwai da ƙura za ta iya zamewa daban da ruwan da ke ɗauke da ita, ya ƙiyasta girman kowace, ya watsar da biyar, ciki har da nauyi. Biyun da suka rage ya gina musu doka ta huɗu, mai bin diddigin yawan ƙura a kowane gurbi.

Ta farko cikin biyun ita ce rawar Brown, wadda Robert Brown ya gani a madubin ƙara girma a 1827, Einstein ya bayyana ta a 1905: ƙwayoyin ruwa suna tunkuɗar ƙura ta kowane gefe, ita kuma tana bazuwa daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi kaɗan. Ta biyu ita ce ƙaurar ƙura daga zafi zuwa sanyi. Duk wanda ya taɓa goge ƙwan fitila ya ga aikinta, domin tana cikin abin da ke tura baƙin hayaƙi daga harshen wuta ya manne a jikin gilashin da ya fi sanyi. A cikin bututu mai zafin jiki, wannan ƙaura tana korar ƙura daga bango, ruwan da ke wurin ya tsinke, gudunsa ya ƙaru. Kyawun aikin Buongiorno shi ne kowane mataki ya tsaya a kan lamba ta gaske, an auna girman abu kafin a ba shi mazauni a cikin dokar.

Gwaji ya sha nuna haɗarin rashin yin haka. Lissafin Khanafer ya ce idan aka sa ruwan nano a akwati mai bango ɗaya zafi ɗaya sanyi, aka bar shi yana juyawa da kansa, zafi zai fi saurin tsallakawa. A shekarar 2003 ɗin nan, Putra da Roetzel da Das suka yi gwaji makamancin haka da hannu, suka ga akasi: ƙara ƙura rage tafiyar zafi yake yi. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, an ba ta kaurin da bai kai na gaskiya ba ne, ita kuma ta yi aiki da abin da aka ba ta.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan wuyar gani. Injiniyoyi suna son lambobi marasa ma'auni, irin lambar Reynolds da ke nuna ko gudu natsattse ne ko mai hargitsi, da lambar Nusselt da ke nuna yadda gudu ke taimakon kwashe zafi. Rubuce-rubuce masu yawa suna kwatanta ruwan nano da ruwa zalla a lambar Reynolds ɗaya, su nuna ruwan nano ya yi nasara. Amma kauri yana ƙasan lissafin lambar Reynolds, don haka kafin ruwa mai kauri ya kai lamba ɗaya da ruwa zalla sai an ƙara masa gudu. Wani ɓangare na nasarar daga famfo ya zo. Pak da Cho a Koriya ta Kudu sun nuna wannan tun 1998. A lambar Reynolds ɗaya ruwansu mai alumina ya fi, amma da suka daidaita saurin gudu, sai mai kashi 3 ya gaza ruwa zalla da kashi 12 cikin 100. A 2008 Williams da Buongiorno da Hu suka tura ruwan alumina da na zakoniya cikin bututu mai zafi a gudu mai hargitsi, suka tarar tsofaffin ƙa'idojin injiniya, irin ta Dittus da Boelter ta 1930, suna faɗin sakamakon daidai muddin an ba su kaurin da miƙa zafin da aka auna da gaske.

Duk da haka, reshen da ya fi kowane yaɗo a fagen nan na alƙalami ne zalla. Asalinsa mai daraja ne. Ludwig Prandtl ya nuna a 1904 cewa kaurin ruwa ya fi yin tasiri a cikin wata siririyar shimfiɗa da ke jikin bango, ɗalibinsa Blasius kuma ya samo dabara a 1908 ta dunƙule dokoki masu canzawa ta fuska biyu su koma masu canzawa ta fuska ɗaya. Crane ya yi amfani da irin wannan dabara a 1970 a kan faifan da ake ja yana miƙewa, kamar yadda ake jan leda a masana'anta. A 2010 Kuznetsov da Nield suka ɗora samfurin Buongiorno a kan bango tsayayye mai zafi, Khan da Pop suka ɗora shi a kan faifai mai miƙewa. A 2011 Oluwole Makinde, ɗan Najeriya masanin lissafi da ke aiki a Afirka ta Kudu, shi da Aziz suka ƙara sharaɗin cewa wani ruwa ne ke ɗumama faifan daga ƙasa, aikin da ake yawan ambata har yau. Daga nan hanya ta buɗe. Wani ya ƙara maganaɗisu, wani ya ƙara ƙasa mai tsotse ruwa, wani hasken zafi, wani haɗuwar sinadarai, wani ƙura iri biyu ko uku a ruwa ɗaya. Sassan lissafi na jami'o'i a Indiya da Pakistan da Malesiya da Iran da Najeriya sun rungumi wannan aiki, kuma dalilin a fili yake: kwamfutar cinya da manhajar MATLAB sun isa a warware dokokin da hanyar Runge da Kutta, ba a bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Ɗalibai da yawa a nan suka koyi sana'ar lissafin gudun ruwa, kuma wannan riba ce ta gaske.

Inda ake da ja shi ne lambobin da ake cusawa. A lissafin Einstein, ƙwaya mai nanomita 10 a cikin ruwa tana bazuwa a hankali ƙwarai, zafi ya fi ta saurin bazuwa kusan sau 3,000. Wannan rabo, da ake kira lambar Lewis, a rubuce-rubuce da dama akan sa shi 1 ko 5 ko 10, saboda kwamfuta ta fi samun sauƙin warwarewa. Haka lambobin da ke wakiltar rawar Brown da ƙaurar ƙura akan sa su 0.1 ko 0.5, alhali idan aka lissafa su daga ruwa da alumina na gaske sun gaza haka sau dubbai. Zanen da ke fitowa yana da kyau, layuka suna hawa suna sauka, amma ruwan da suke siffantawa babu shi a kowace kwalba. Kuznetsov da Nield da kansu sun dawo a 2013 da 2014 sun gyara wani sharaɗi na aikinsu na farko, wanda ya ɗauka cewa mutum zai iya tsayar da yawan ƙura a jikin bango yadda yake so, suka maye shi da sharaɗin cewa ƙura ba ta ratsa bango. Tim Myers na cibiyar binciken lissafi ta Basalona da abokan aikinsa sun bi sawun wannan matsala, kuma a 2017 suka nuna cewa idan aka sa lambobi na gaskiya a samfurin Buongiorno, tasirin rawar Brown da ƙaurar ƙura ƙanƙani ne, ƙarin kwashe zafin da ake ta shela kuma ba ya fitowa. Wannan suka ta cancanci a karanta ta a kowane sashen lissafi da ke ba ɗalibai irin wannan aiki.

Ba a ce ruwan nano ba shi da amfani ba. Amfaninsa ya fi bayyana ne a wuraren da ba a fara nema ba. Idan ƙarfe ya yi zafi sosai a cikin tafasasshen ruwa, akwai matakin da tururi ke lulluɓe shi ya raba shi da ruwan, zafinsa ya yi tsalle har ya iya narkewa. A 2003 wani masani mai suna You da abokan aikinsa a Texas suka ga cewa ɗan alumina kaɗan, miligiram 5 a lita, ya ɗaga wannan iyaka da kusan kashi 200 cikin 100. Ƙura kaɗan haka ba za ta sauya miƙa zafin ruwa ba. Binciken da aka yi daga baya a MIT ya nuna cewa ƙurar tana kwanciya a jikin ƙarfen yayin tafasa, ta yi wani ɓawo mai ƙananan ramuka da ke jawo ruwa ya ci gaba da jiƙa shi. Masu kula da tsaron tashoshin nukiliya sun mayar da hankali a kan wannan. A na'urorin tara zafin rana kuma, ƙura kaɗan tana duhunta ruwa ya riƙa shan haske kai tsaye cikin jikinsa, maimakon a jira baƙin faifai ya sha ya miƙa masa. Akwai kuma ruwan maganaɗisu da Steve Papell na hukumar NASA ya ƙirƙira a 1963, tun kafin a san sunan ruwan nano, wanda yau yake cikin lasifikoki masu yawa yana kwashe zafi daga naɗin wayarsu.

Abin da ya rage wa lissafi a gaba ya fi abin da aka yi wuya. Yawancin samfura suna ɗauka cewa ƙwaya mai nanomita 20 za ta zauna a haka har abada, alhali a cikin inji na gaske tana haɗuwa da 'yan uwanta, gudu ya fasa curin, zafi da tsamin ruwa su sauya yadda suke mannewa, sinadarin da aka sa don raba su ya lalace. Kauri da miƙa zafi duk suna bin girman curin, shi kuma yana sauyawa daga mako zuwa mako. Samfurin da zai haɗa wannan sauyi da gudu da zafi, ya faɗi halin da lagireto ko na'urar zafin rana za ta shiga bayan wata shida tana aiki, shi masana'antu ke bukata. Gina shi yana neman masanin lissafi ya zauna da mai sinadarai da injiniya. Kayan da ake bukata don gwajin farko ba su fi ƙarfin jami'a ba: bututun jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya ko biyu, wayar ɗumamawa, ƙaramin famfo, ma'aunan zafi da na matsi, da na'urar auna kauri. A fara da ruwa zalla a tabbatar na'urar tana ba da abin da tsofaffin ƙa'idoji suka faɗa, sannan a zuba ƙurar, a kwatanta ruwan biyu a ƙarfin famfo ɗaya, a kuma sake awon bayan wata guda.